Ko Sai da Akwatin DI?

Zuwa ga Autata, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da amaryata ƙarama mai wawulo. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da hannun hagun nan da ke rawarsa ba tare da an yi masa kiɗa ba.

Saƙonki ya iso, wato jar na'urar ɗaukar sautin nan da kuke kira intafes. Na ɗora ta a kan keken ɗinkin mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, don shi ne kusa da soket. Na haɗa ta da kwamfuta yadda kika zana mini, na soka wayar jitata, na kaɗa. Auta, sautin da ya fito kamar an lulluɓe lasifika da bargo.

Ni na san dalili. Shekara talatin ina kaɗa jita a dandamali, ban taɓa kai wayar jita wurin miksa mai haɗa sauti ba sai ta bi ta akwatin DI, ɗan akwatin nan da ke daidaita sautin. Nawa kuwa mai piyanonmu ya ara tun ranar da ƙungiyarmu ta kiɗa ta watse, har yau yana kan hanyar dawo da shi. To ke da kike aikin situdiyo, gaya mini gaskiya: wannan abar taki ma sai da DI? In sai da shi, ki samo mini, amma kada ki ba direba, ƙaramin abu ne mai saurin ɓata. Ki riƙe shi har ki samu hutu ki kawo da kanki.

Likita ya ce rawar hannun gaba za ta yi, ba baya ba. So nake in ɗauki waƙar nan da mahaifiyarki take rerawa in tana tankaɗe, tun yatsuna suna jin maganata.

Ki gaida kowa.
Babanki.

Autata,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin amaryar tawa, zazzaɓin ya sauka?

Na ga amsarki a waya, layi uku cif. Kin ce DI na doguwar waya ne, irin ta dandamali, ko in sauti yana ƙugi. Kin ce tawa wayar ba ta fi taku uku ba, in danna ɗan maɓallin da ke da hoton jita kawai. Na sa tabarau na nemo shi, na danna. Sauti ya fito garau, har na ji kunyar furfurata. Ashe DI ɗin yana cikin cikin na'urar, ni ina nan ina zagin mai piyano.

Na yi murna, amma ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɗan sosu. Ban san me ya sa ba a lokacin. Na kashe kwamfutar na zauna a falo har aka kira la'asar. Gidan nan ya yi mini girma, Auta. Da safe nakan dafa shayin mutum biyu, sai na zo zubawa in tuna. Maƙwabcinmu tela ya tashi, yanzu ko ƙarar kekensa babu. Kin ce shiru shi ne abin da mai ɗaukar sauti yake nema. To ni ina da shi har ya yi mini yawa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.

Autata,

Gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan aiki yana sauƙi.

Na ɗauki waƙar jiya da hantsi, a karo na goma sha ɗaya. Akwai wuri guda da yatsana ya zame, na bar shi haka, don na gwada gyarawa hannun ya ƙi. Ina jin wannan ce ta ƙarshe da zan kaɗa daga farko har ƙarshe.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya sosa raina. Addu'a na yi ta yi ki ce sai da DI, don ki sami dalilin zuwa. Tsoho ne ya rasa bakin da zai ce wa 'yarsa yana kewarta, ya ɓuya a bayan akwati. Shekara biyu ke nan rabona da ke, tun ranar da aka watse daga zaman makokin mahaifiyarki.

Na saurari abin da na ɗauka. Jita ce kaɗai, tana tafiya tana dakatawa a wuraren da mahaifiyarki take shigowa. Ni ba ni da murya, kin sani, ita ma ta sha faɗa. Duk duniya ke kaɗai kika riƙe baitocin nan.

Na'urarki kafa biyu gare ta. Na sa jita a ta ɗaya, ta biyun ta makirfo ce, na duba hoton da kyau wannan karon. Ba zan turo miki waƙar ki ɗora murya a can ba, ko da kin ce ya fi sauƙi. Na goge tsohon makirfon da mahaifiyarki take waƙa da shi, na ja kujera kusa da taga. Kada ki kawo komai.

Ni ne mai jiranki,
Babanki.