Baban Kulu

Alhamis, 3 ga Oktoba
Ajin waƙa. Kalma ɗaya nake ba su, su kawo mini layi uku daga gida. Yau na rubuta "baba" a allo, ban ce mahaifi ba, ban ce na rini ba. Ina son in ga wa za ta lura. Uku mafiya kyau za a karanta ranar taron iyaye.

Litinin, 7 ga Oktoba
Duk mahaifi suka yi: Baba mai tausayi, Baba mai sayo mana tsire. Sai Kulu Ashafa:

Baba ya bar karofi,
baba bai bar hannunsa ba,
har ranar wanka, da shuɗi ya tafi.

Sau huɗu na karanta. Kulun da ba ta sa wa ƙ lanƙwasa? Ban yarda ba. Wayar wani aka tambaya, ko an kwafo.

Talata
Na bincika a waya, babu. Wannan bai wanke ta ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na duba fayil. Malam Ashafa da kansa ya sa hannu a sakamakonta na watan Yuli. To wankan gawar wa? Na tsayar da ita gaban aji, na ce wa ya rubuta miki. "Ni ce, Malama." Na ce ba a kashe uba don waƙa ta yi daɗi. Wasu suka yi dariya. Ta koma wurin zamanta. Na cire sunanta daga cikin ukun da za a karanta.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ba ta zo ba. Mai gaskiya ba ya gudu, haka na ce wa kaina.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na je unguwarsu, Sheshe, don in ga uban da idona. Mahaifiyarta na tarar, tana takaba. A hutun nan ne, kwana biyu ya yi yana zazzaɓi. "Ba mu aiko makaranta ba, Malama, kanmu ya ɗauki zafi." Ta ce marini ne, masu wanka sun cuɗa hannun har sun haƙura, shuɗin bai fita ba. Kulu ta kawo mini ruwa, ta durƙusa, ba ta ɗago ba.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na mayar da sunan. Dama waƙar Yusra, wadda na sa a gurbinta, ta yi tsawo. Kulu ta dawo, ta zauna can baya. Na kira ta gaban aji, inda na tsayar da ita, na ce ta karanta. Ta ce, "Malama, ke ki karanta." Na kai layi na biyu. Alli ne ya shiga mini maƙogwaro.