Injin Wanke Keken Fatsa

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zafin Yamai, yaya bakin kogi? Ina fatan kai da Hadiza da yara kuna lafiya. Mu nan Tasawa sai godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Na je ganin injin da ka ce in zaɓa maka, mai wanke keken naɗe zaren fatsa. Mai shagon ya ce wai da sauti yake fidda datti, sautin da kunne ba ya ji. Ya jefa wani keke nasa cikin ruwan injin, ya kunna, nan take ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don na ga baƙin mai a yatsunsa. Sai na fiddo tsohon kekenka da ka bari gida, na ce, "Alhaji, gwada da wannan." Ya ce, "Ai yanzun nan aka ɗauke wuta, babu kuran." Yaya, yana faɗin haka fanka na juyawa bisa kanmu!

Ban saya ba. Ka riƙe kananzir da buroshinka, su kam ba ruwansu da kuran.

Ka gaida mutanen gida, a sa mu cikin addu'a.

Ƙanenka,
Lawali