Addu'ar da Malam Ya Ƙi Yi

Challawa, Kano

Zuwa ga Safiya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu A'isha. Yaya ruwan zafi? Ki gaida Malam da Inna, Allah ya saka musu da alheri kan ɗawainiyar jegon nan.

Kin tambaya ko Kano za ki taho in kin gama wanka. Ɗakin da na kama mana a Zawaciki yana nan, amma raina ba a kwance yake ba. Kin san tasharmu baƙin mai take ƙonawa ta ba masana'antun Challawa wuta, kuma ba a tada injinanmu sai wutar ƙasa ta ɗauke. Ni aikina ɗumama man, don in ya huce kauri yake yi kamar maɗi, ya ƙi bin bututu. To kwanan nan an fifita layin masana'antu, wutar ba ta ɗaukewa, unguwanni ne ke shan duhu. Mu kuwa zaman kashe wando kawai. Masu tashar har sun fara maganar rufewa, in kuwa suka rufe, sai dai in tattaro in same ki a Maigatari.

Ni da abokin aikina Abdulbaqi, ƙwan fitila na ƙiftawa sai mu miƙe zumbur, ya daidaita mu koma mu zauna. Don Allah ki lallaɓa Malam ya sa mu a addu'a, wutar ƙasar nan ta ɗan samu matsala. Ba babba ba.

Mijinki mai kewarki,
Isyaku

Challawa, Kano

Safiya,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya A'isha da rigimar tata? Allah ya raya mana ita.

Saƙonki ya iso, kuma da na karanta sai da na yini ina cika ina batsewa. Wato Malam ya ƙi. Kuma ke da na aika ki lallaɓa shi, sai kika karanta masa maganata yadda na rubuta ta, har da "ba babba ba"! Na san kin yi dariya, kar ma ki musa. Kin ce ya tambaya ko na manta akwai masu kwance a asibiti da masu jiran ruwan famfo, sannan ya ce abin da zai roƙa mana shi ne aikin da ba sai wani ya shiga duhu za mu ci abinci ba. Da fushin ya sauka, kunya ce ta kama ni. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Akwai labari, sai dai ban so ki sa rai da yawa. Zafi ya matso, wutar ƙasa ba ta isar kowa. Mutanen kamfanin raba wuta sun zo sun zauna da manyanmu. Shawararsu ita ce mu riƙa ɗaukar masana'antu kullum da rana, su kuma su tura wutar da aka rage cikin gari. Amma sai sun gwada mu tukuna, don injinanmu sun tsufa, sun kuma daɗe a kwance. In suka gaza a gaban baƙi, magana ta ƙare.

Ki gaida Malam, ki ce na ji.

Naki,
Isyaku

Zawaciki, Kano

Safiyata,

Sallama da gaisuwa irin ta masoya. Ina fatan kowa lafiya, har da 'yar rigimata.

An yi gwajin! Tun safe nake zagaya tankuna ina duba zafin mai, gumi har cikin takalmi. Injin farko ya tashi lafiya. Na biyu ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Nan take ke na tuna. Abdulbaqi da makanikai suka wanke matatar mai, aka sake gwadawa, ya kama. Aka sauke masana'antun daga wutar ƙasa aka ɗora mana, ko injin majema ɗaya bai tsaya ba. Muka riƙe su har la'asar sakaliya. An amince, tasha ba za ta rufe ba.

Da na sauka daga adaidaita a Zawaciki, telan bakin layinmu na ta ɗinki da keken lantarki, Hajiya mai gidanmu kuma na raba wa maƙwabta ruwan sanyi. Daɗi kamar ya kashe ni. Na shiga ɗakinmu na danna makunni, shiru. Ashe ƙwan ya daɗe da mutuwa ban sani ba, don ban saba ganin wuta a unguwar ba. Na sayo sabo na ɗaura.

Ki yi wa Malam godiya, ni ba zan iya haɗa ido da shi ba tukuna. Ranar da kika gama wanka, ki goya A'isha ki hau motar Kano. Zan tsaya miki a tashar mota.

Mijinki,
Isyaku