Takalman Likita

Zuwa ga jikana Mizanur, a Maskat.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zafin ƙasar mutane, Allah ya ƙara lafiya. Mu dai guguwa ta bar mu da rai. Ta kwashe rufi da awaki, ta cika tafkin da muke sha da ruwan gishiri. Ni kuwa ta dube ni ta ga ba nama, ta wuce.

Kada gabanka ya faɗi, amma kwanon rufi ya yanki matarka Shiuli a ƙwauri. Ƙafar ta kumbura har ta fara wari, zazzaɓi ya kwantar da ita. Sai ga likitocin sa-kai a jirgin ruwa, bayin Allah, ba wanda ya biya su. Ka san garinmu na bakin kogi, da cikar ruwan teku ake shigowa, kafin ya janye kuma a fita, in ba haka ba jirgi ya kafe a laka. To, baffanka Mokbul, wai shi ne babba a gari, ya tare su a gaɓa ya rantse baƙo ba ya taɓa aiki sai ya ci abinci. Ya yanka agwagin da suka tsira, ya zaunar da baƙin, ya hau jawabi. Ruwa na janyewa, Shiuli na sambatu! Na aika masa, ya ce a gaya wa tsohuwa ko shayi ba a kawo ba. Ni da na haife shi!

Na ɗauki sandata na tafi. Takalmansu na jere a ƙofa, na zaɓi na babbar likitar na sa a hammata, na leƙa na ce mata in tana son su, ta biyo ni. Ta biyo ni cikin laka, hannu duk miya, tana dariya. Da ta ga ƙafar, dariyar ta ɗauke. Ta wanke, ta yanke ruɓaɓɓen nama, ta yi allura, ta ce da sun tafi ba su gan ta ba, sai dai a guntule ƙafar. Yanzu Shiuli na zama har tana neman shinkafa.

Mokbul zai kira ka wai na kunyata shi gaban baƙi, ka sa in ba shi haƙuri. Kada ka fara.

Ka gaida ɗan'uwanka Delwar. Shiuli da gwaggonka Anjuman suna gaisuwa. Takalman likita na wanke na mayar mata. Na baffanka kuwa, ya je ya tambayi kogi.

Kakarka,
Monowara