Sunan Enggang Ba Zai Fita Daga Bakina Ba

Pontianak

Zuwa ga yayata, Kak Marlina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Ibu mahaifiyarmu, yaya tarin Abang Rusdi? Mu nan hayaƙi ya sake rufe kogin Kapuas, amma muna lafiya.

Kin san manhajarmu ta taswirar gobarar daji, wadda kowa ke iya dubawa ya gyara kyauta. To, Pak Hendro na gidauniyar da ke tallafa mana ya ce dole a buga cikakken sunan duk mai sa hannu, da hotonsa, da garinsu, wai don jama'a su yarda da mu. Matasanmu sun yi murna, suna son sunansu ya fito ko sa samu aiki. Ban ga laifinsu ba. Na ce mai so ya sa, wanda ba ya so a ƙyale shi.

Akwai wata da ke sa hannu da laƙabin Enggang kawai. Rabin aikin nata ne. A ofishin wata gonar manja take aiki, kuma yawancin wutar da muke nunawa a filayensu take tashi. Ni kaɗai na san ko wace ce.

Ƙanwarki,
Widuri

Kak Marlina,

Na ga saƙonki, ina fatan zazzaɓin Ibu ya sauka. Kin ce in ba su sunan Enggang na gaskiya in huta. Kak, ba zan bayar ba.

Mu masu aikin manhajar mun yi taro a shagon kofi na titin Gajah Mada. Pak Hendro ya ce mai ɓuya mara gaskiya ne. Na ce ya buɗe aikinta layi-layi ya nuna min ƙaryar. Bai buɗe ba, kofinsa ya yi ta juyawa. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da ni, aka karɓe shugabancin aikin daga hannuna. Har Yosef, wanda ni na koya wa aikin, bai iya kallon idona ba.

Na yi kuka a kan babur har gida, ba zan ɓoye miki ba. Da na share fuska sai na kwafi manhajar, tunda ƙa'idarta ta ba kowa dama, na buɗe tamu daban. Mutum shida suka biyo ni. Enggang ta ce in na gaji za ta janye. Na ce ta zauna, akwai gyara yana jiranta.

A sabon shafin kowa ya sa abin da ya ga dama. Ni na sa cikakken sunana, da hotona, har da unguwarmu. Duk mai neman wanda zai tuhuma, ya san ƙofar da zai buga.

Ki gaishe da Ibu, ki ce mata ina cin abinci.

Taki har kullum,
Widuri