Ya Mayar Da Ciwona Darasi A Gaban 'Yan Ajinmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ko harafin farko kada ya fito, don abin da ya kawo ni ma maganar tonon asiri ce. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, domin gaskiya zuciyata ta riga ta yanke hukuncinta, ni ce kawai nake ta danne ta, kuma na fara gajiya.

Ni ɗalibar likitanci ce a nan Bauchi, ina aji biyar, kuma ni ce jami'ar walwala ta ƙungiyar ɗalibanmu. A da wannan kujera ta raba lemo da cincin ce ranar walima, daga nan sai wata shekara. Amma ni da na nema na san abin da nake so in yi, saboda na ga yadda karatun nan yake cinye mutum a tsaye. Za ka ga ɗalibi ya shigo da fara'arsa da ƙibarsa, kafin ya kai aji uku ya rame, ya daina gaisawa da kowa, ga jarrabawa ga kwana a asibiti ga tsawar malamai, kuma kowa na ɓoye nasa, don a wurinmu abin kunya ne a ce mai koyon ba da magani shi ma yana neman magani. Shi ya sa na kawo tsarin da muka sa wa suna Zaman Shan Iska. Duk Juma'a bayan la'asar mu shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin lakca, ba a zuwa da littafi, wayoyi a tara su cikin kwando, a sha zobo a ci gyaɗa, mai damuwa ya faɗi damuwarsa. Dokar guda ɗaya ce, kuma ni nake maimaita ta kullum kafin a fara, duk abin da aka faɗa a kan tabarmar nan amana ce.

Da farko ba wanda ya yarda ya buɗe cikinsa, sai ƙorafin wuta da ruwan hostal, a tashi. Na ga in ban fara ba ba mai farawa, sai na yi ta maza na faɗi nawa. Na gaya musu yadda na faɗi jarrabawa a aji uku, yadda daga nan ƙirjina ya fara ƙullewa, numfashi ya gagare ni, har na ɗauka ciwon zuciya ne, yadda ranar da za a sake jarrabawar na kulle kaina a banɗaki jikina na rawa. Na gaya musu Babanmu tela ne a unguwar Wunti, tun ranar da na samu gurbin karatu duk layin shagonsu Likita suke kirana, kuma shi da hannunsa ya ɗinka mini farar rigar shiga asibiti, amma akwai lokacin da ko kallon rigar ba na iya yi sai kuka. Na ce musu yayata ce ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa a ɓoye, har yanzu ina shan magani, kuma alhamdulillah ga ni. Wallahi ranar kusan kowa sai da ya yi hawaye, kuma daga nan bakin mutane ya buɗe, zaman ya yi albarka har tabarmi suka daina isarmu.

A cikin waɗanda suka ji wannan labari akwai wani ɗan ajinmu, zan kira shi Nura duk da ba sunansa ba ne. Ɗan gidan wani babban ma'aikaci ne a GRA, da motarsa yake zuwa makaranta, ga baki, in yana magana sai ka rantse ya haɗiye littafi. Ranar da na yi bayanina ya tsaya bayan kowa ya watse, wai yana taya ni naɗe tabarma, sai kawai ya zauna ya fashe da kuka. Ya ce tun jarrabawar aji uku wani ya koya masa shan tiramol don ya iya raba dare yana karatu, yanzu abin ya fi ƙarfinsa, in bai sha da safe ba hannunsa rawa yake, ko allura ba ya iya riƙewa, kuma in mahaifinsa ya ji kashinsa ya bushe. Ya ce, "Hajiya walwala, ke kaɗai na gaya wa a duniyar nan, ki rufa mini asiri." Na rantse masa, na faɗa masa likitan da zai gani, na ma yi ta binsa da tuni kamar ƙanina. Har yau da nake wannan rubutu ko matashin kaina bai ji wannan magana daga bakina ba.

To sai aka tura rukuninmu sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga waɗanda ba su sani ba, yadda ake koya mana shi ne kowane ɗalibi zai nemi mara lafiya, ya zauna da shi ya ɗauki tarihin ciwonsa, sannan ya zo ya gabatar a gaban malami da sauran ɗalibai, ba a faɗin suna, sai dai a ce namiji ne ko mace, shekarunsa kaza, sana'arsa kaza, daga unguwa kaza. Nura a lokacin ya tsunduma yaƙin neman shugabancin ƙungiyarmu, bai leƙa ko ɗakin marasa lafiya ba, bai zauna da kowa ba. Ranar da layi ya zo kansa na ɗauka haƙuri zai bayar, sai na ga ya miƙe ya gyara riga, ya ce ya ga wata mara lafiya mace, 'yar shekara ashirin da huɗu, ɗaliba a fannin lafiya, mazauniyar Wunti, mahaifinta tela. Tun daga nan na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Bai bar komai ba jama'a, banɗakin da na kulle kaina, kukan da nake yi in na ga rigar da ubana ya ɗinka, yayar da ta raka ni a ɓoye, duk ya jera su tsaf da Turancinsa mai daɗi. A ajinmu kaf 'yar tela daga Wunti guda nawa ce? Ina kallon waɗanda ba su taɓa zuwa zamanmu ba suna juyowa suna satar kallona, waɗanda suke zuwa kuma sun sunkuyar da kai.

Malamin bai san komai ba, bawan Allah, har yaba masa ya yi, ya ce haka ake son ɗalibi ya shiga cikin rayuwar mara lafiya. Daga nan aka buɗe fili, 'yan ajinmu suna ta muhawara a kaina ina zaune, wannan ya ce ciwon fargaba ne, wancan ya ce a bincika ko tana tunanin kashe kanta, wata ta ce anya irin wannan ta dace ta ci gaba da karatun lafiya kuwa. Sai malamin ya nuna ni, ya ce, "Ke kin yi shiru, wane magani za ki ba ta?" Na buɗe baki na faɗi sunan maganin da yake cikin jakata a wannan lokacin, ya ce daidai ne. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni bakin titi na tari keke ba.

Da na sami Nura washegari, na ɗauka zan ga kunya a idonsa, ashe ni ce ban san mutum ba. Cewa ya yi ai bai faɗi sunana ba, wai ya bi ƙa'idar aiki sak, ko malamin ma ba zai kama shi da laifi ba. Na ce masa ƙa'idar ta mara lafiyar da ba a sani ba ce, ba ta wadda take zaune a kujera ta uku tana jin ka ba. Ya ce shi matsuwa ce ta sa, labarina ne kawai yake da shi a kai cikakke, kuma in ɗauka na taimaki ilimi. Da na ɗaga murya sai ya sassauta tasa, ya dube ni da irin kallon da muke yi wa marasa lafiya, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, kin dai sha maganinki yau ko?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, yanzu ko fushi ba ni da ikon yi. In na yi gardama a taron ƙungiya sai a haɗa ido, wai ciwon ne ya motsa. In zan ɗebi jinin mara lafiya sai in ga abokan aikina sun zuba wa hannuna ido suna jiran ya yi rawa, alhali mai rawar hannun na gaskiya yana can yana rarraba fosta. Labarin ya zagaye har ƙananan azuzuwa, kullum gabana faɗuwa yake kada ya kai shagon Babanmu, mutumin da bai san komai ba sai alfahari da ni. Zaman Shan Iska kuwa ya zama kufai, Juma'ar da ta wuce tabarma ɗaya muka shimfiɗa ba ta ma cika ba, kuma ban ga laifin kowa ba, wa zai kawo cikinsa inda aka yi wa mai wurin ma haka? Shi kuwa gogan, a fostarsa ya rubuta lafiyar ɗalibi ita ce gaba da komai, yana yawo aji aji yana cewa da shi aka kafa zaman, in ya ci zaɓe zai faɗaɗa shi. Wato amanar yaran mutane za ta koma hannunsa.

Na san wasu za su ce in kai ƙara wurin hukumar makaranta, tunda ƙirƙiro mara lafiyar da ba ka gani ba babban laifi ne. Na yi wannan tunanin. Amma kafin a hukunta shi sai na tsaya gaban kwamitin malamai na ce ni ce mara lafiyar, malaman da gobe su ne za su yi mini jarrabawar baka, kuma rabinsu sun san mahaifinsa. Ni za a ƙara tuɓewa a karo na biyu, shi kuma a ce masa kada ya sake.

Ga abin da zuciyata take so. Ranar Asabar ne 'yan takara za su karanta manufofinsu a gaban dukkan ɗalibai, bayan nan a ba da damar tambayoyi, kuma a matsayina ba mai hana ni makirufo. So nake in miƙe cikin ladabi, in ce ina da tambaya ga ɗan takara a matsayinsa na likitan gobe. In ce na ga wani mara lafiya namiji, ɗan shekara ashirin da shida, ɗalibi a fannin lafiya, mazaunin GRA, mahaifinsa babban ma'aikaci, wanda in bai sha tiramol da safe ba ba ya iya riƙe allura. In jera masa komai tsaf kamar yadda ya jera nawa, sannan in ce, malam ɗan takara, wane magani za ka ba shi? Ba zan faɗi suna ba, zan bi ƙa'idar aiki sak. Na haddace kowace kalma, ina wanka ina maimaitawa, ina cikin keke ina maimaitawa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, duk sanda na hango fuskarsa a wannan lokacin sai in ji wani sanyi a raina. Ai an ce rama cuta ga macuci ibada ne. Wani lokaci ina gaya wa kaina don kare marasa lafiya zan yi, amma Allah na gani ba wannan ne yake hana ni sukuni ba, so nake ya ɗanɗani zama a kujera ana yanka shi yana ji.

Na san in na yi, magana ba za ta tsaya a zaɓe ba, za ta iya kai shi ga kora daga makaranta, kuma ban ji tausayinsa ko kaɗan ba. Adda, yayata da ta kai ni asibiti, ta ce in bar shi da Allah, wanda ya ci amana amana za ta ci shi. Na ce mata to ni me ya hana in zama sanadi? Ban gaya mata mene ne sirrin nasa ba, na dai ce ina riƙe da abin da zai gama da shi. Haka ma na gaya wa ƙawata da muke ɗaki ɗaya, wadda tana cikin 'yan kaɗan da ba su daina zuwa zaman ba, kuma ita ma ta taɓa gaya mini wani abu nata mai nauyi da ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Na ɗauka za ta hana ni, sai ta ce wallahi ya cancanci fiye da haka, in na miƙe ranar Asabar ita ce ta farko da za ta tafa mini. Ta ci gaba da ninke kayanta, can ta ce, "Amma fa daga ranar zan riƙa lallaɓa ki, don na san nawa ma yana hannunki, ranar da na ɓata miki rai kawai yake jira."

Tun da ta faɗi haka na kasa haɗa ido da ita, kuma duk da haka wutar ba ta mutu ba. Don Allah jama'a kada ku ce mini in yi haƙuri kawai ku wuce, haƙurin na sha shi har ya ishe ni. In na yi shiru, maci amana zai hau kujera ya gaji sirrin yaran da suka yarda da ni. In na yi magana, ni da bakina na nuna musu cewa rantsuwata tana da ranar ƙarewa. Ku da kuke gefe kun fi ni gani, in ku ne aka miƙa wa makirufon nan ranar Asabar, me za ku ce?