Ɗana Ya Kawo Man Sintetik, Bakanikenmu Ya Ce Ba Zai Zuba Ba

Kawu Talle, ina gaisuwa. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, don in ya wuce ba ta da sauran amfani a wurina.

Ba zan sa sunana ba, ko da yake na san ɓoyon banza nake yi. Duk wanda ya zauna a Zuru ya san matar da ke tuƙa farar Fijo 504, doguwar nan mai ɗaukar kaya a baya. Ni ce. Mijina Haggai soja ne, ya saye ta a Kaduna da ya kusa yin ritaya, a lokacin ma ta riga ta sha hanya a hannun wani. Shi ya koya min tuƙi a filin makarantar unguwarmu, maza suna tsaye suna dariya, shi kuma yana ce min in kalli gabana kawai. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'yan'uwansa suka ce a sayar da ita, na ce ba za a sayar ba. Da ita na riƙe gidan nan. Ranar kasuwar Bena in ɗauko dawa da wake, wani lokaci in zarce Dirin Daji wajen doya, in akwai taron matan zumunta na coci a ƙauye ni ke kwasar mata. Mitarta ta cika ta koma sifili tun Haggai na da rai, daga baya ta tsaya gaba ɗaya, don haka yau ba wanda zai iya gaya maka iyakar tafiyar da ta yi.

Tun ranar da motar nan ta shigo gari, hannun mutum ɗaya ta sani, Malam Ladan, mai gareji kusa da tasha. Abokin mijina ne na gaske. Mu muna zuwa coci, shi yana zuwa masallaci, amma ba a taɓa yin Kirsimeti bai ci shinkafar gidanmu ba, mu ma naman Sallarsa ba ya wuce mu. Da Haggai ke kwance a asibiti, a gabana ya ce masa, “Ladan, ka kula min da motar nan, ita ce ƙafar gidana.” Kuma ya kula. Shi ke yi mata juye da baƙin man nan mai kauri da kowa ya sani, ya canja filta, ya saurari injin kamar likita na sauraron ƙirji.

To, a daminar da ta wuce sai ta tsaya min a hanyar Kanya. Bel ɗin fanka ne ya tsinke, injin ya ɗau zafi, na kashe ta na zauna a ciki ruwa na zuba, har wani mai babbar mota ya zo ya taimake ni. Ni ban ɗauke shi komai ba, mota ce, kuma ban gaya wa ɗana ba. Ƙanwarsa Keziah ce ta kai masa labari ta waya, kuma na tabbata ta ƙara gishiri.

Ɗan nawa Japhet shi ma soja ne, yana sashen motoci. An sa sunansa cikin waɗanda za su tafi Darfur aikin kiyaye zaman lafiya, sai aka ba shi hutu zuwa ƙarshen watan nan ya zo ya yi mana sallama. Ya shigo gida da galan-galan na wani baƙin mai da ake kira sintetik, ya ajiye a gabana yana murna kamar ya kawo min zinariya. Ya ce wannan mai zafi ba ya cin ƙarfinsa, yana daɗewa, yana wanke cikin inji, kuma shi motocin manyansu ke sha. Ya ce, “Mama, ba zan tafi in bar ki kina kwana a hanya ba.” Na ce masa ban kwana ba, amma bai saurare ni ba.

Muka tafi garejin tare. Malam Ladan ya buɗe galan ɗaya, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya girgiza kai. Ya ce man ya yi ruwa-ruwa, tsohon inji ba ya riƙe irinsa, ya taɓa ganin motar da aka zuba wa, kafin sati ta fara yoyo ta kowace kafa. Japhet ya ce wannan tsohon zance ne, har ya ce masa aikin gargajiya yake yi, zamani ya bar shi a baya. A gaban masu jiran gyara ya faɗa, Kawu. Malam Ladan ya goge hannunsa, ya juyo wurina ya ce, “Maman Japhet, motarki ce. In za ki zuba, ki nemi wani gareji. Ni ba zan kashe motar Haggai da hannuna ba.”

Tun ranar gidan ya yi shiru. Japhet zai ci tuwo ya tashi ba magana. Da na ce ya je ya ba da haƙuri, cewa ya yi na fi yarda da bare a kan ɗan da na haifa. Malam Ladan kuwa na wuce ta gabansa jiya na ɗaga masa hannu, ya amsa, amma bai taso ba kamar yadda ya saba. Galan-galan ɗin suna nan a falo, kowa na kewaye su.

Ni ba matsoraciya ba ce, kuma na san motata. Na san tana shan mai kaɗan, ina ƙara mata lokaci-lokaci. Inda take kwana akwai ɗan tabo a ƙasa kamar faɗin kwabo. Da safe takan yi ɗan hayaƙi sannan ta daina. Amma ƙarfinta na nan, tana hawa tudu da buhuna ba ta tari. In don motar ce kawai, hankalina ya fi kwanciya da Malam Ladan. Sai dai yaron nan inda ake harbi zai tafi. Na binne ubansa, na san abin da ake nufi da soja ya fita daga gida. Ba zan yarda ya tafi da fushina a ransa ba. Har na yi tunanin in kai man rumbu in ɓoye, in ce masa an zuba a wani wuri, amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba na son in fara da tsufana.

Ka gaya min gaskiya, man nan zai kashe min mota ko zai gyara ta? Kuma yaya zan yi da mutanen nan biyu?

Mai Farar Fijo, Zuru.

AMSA

Baiwar Allah, na gode da wasiƙarki. Ki kwantar da hankalinki, wannan matsala tana da mafita, kuma za ki kai ga mafitar kafin Japhet ya ɗauki jakarsa.

Bari mu fara da mai. Ba zai kashe miki mota ba, kuma ba zai mayar da ita sabuwa ba. Ɗanki ya yi gaskiya: sintetik mai ne mai kyau, ya fi na da jure zafi, ba ya saurin lalacewa, yana kuma tsabtace inji. Malam Ladan shi ma abin da ya ce ya gani, na yarda ya gani, ni kaina na ga irinsa. Inji in ya tsufa, robobin da ke tare mai sukan bushe, sai dattin shekaru ya taru ya toshe 'yan kafofin. Sabon man ya zo ya wanke dattin, kafar da take nan tun da ta bayyana. Ba shi ya huda ba, asirinta ya tona. Amma ga mai mota duk ɗaya ne, mai dai yana zuba a ƙasa.

Abin da ya kamata su duba suka tsaya gardama shi ne lambar da ke jikin galan. Ita ke nuna kaurin mai, ba sunan sintetik ba, ba kuma murzawa a yatsa ba. Tsohuwar Fijo a zafin ƙasarku mai kauri take so, irin 20W-50 ko 15W-50. In kin ga 5W-30 ko wata lamba mai kama da ita, wannan na sababbin motoci ne, kada ki zuba, ko wa zai yi fushi. Motar da take ɗiga, take kuma hayaƙi da safe, mai mara kauri ƙara mata shan mai zai yi. Japhet ya mayar da shi inda ya saya a canja masa da mai kauri, ko da rabi-da-rabi, wato wanda aka haɗa sintetik da na da. In ba a karɓa ba, ya bai wa mai sabuwar mota, ba asara ba ce.

In kuwa lambar ta yi daidai, kuma murfin galan ba a taɓa shi ba, don jabu ya yi yawa a kasuwa, to a zuba. Sai dai a fara gyara inda take ɗiga. A sa sabuwar filta. Kada a yarda wani ya wanke cikin injin da kananzir ko da wani magani, wannan shi ke tayar da datti gaba ɗaya ya toshe hanyar mai. Kowace safiya kafin ki tayar da ita ki zaro geji ki duba yawan mai, ki kuma leƙa ƙasa. Juyen farko a yi shi da wuri, don man zai kwaso datti da yawa. Bayan nan ma kada ki ja lokaci don an ce yana daɗewa. Hanyar Bena ba kwalta ba ce ta Abuja, ƙura na shiga inji ko wane mai ne a ciki. In kika ga tabon ƙasa yana faɗi, ko geji yana sauka da sauri, ki koma man da kika saba. Ba abin da zai same ta, biyun ma suna haɗuwa lafiya.

Ki kuma gaya wa Japhet wannan daga bakina: abin da ya tsayar da ke a hanyar Kanya bel ne, kuma ba man da ke hana bel tsinkewa. In yana son ya tafi da kwanciyar hankali, ya sa a duba bel da tiyon ruwa da lagireto da birki da tayoyi, a ajiye miki bel na biyu a bayan mota. Wannan ya fi kowane galan tsare ki.

Yanzu ga mutanen. Maganar rumbu ki bar ta. Ɗanki a sashen motoci yake, geji ɗaya zai zaro ya gane, kuma ciwon wannan ya fi na yanzu. Ki zaunar da shi ku biyu. Ki fara da godiya, don tsoronsa ne ya zuba a galan ya kawo miki, bai san wata hanyar faɗa ba. Sannan ki gaya masa kai tsaye cewa ko da shi ke da gaskiya a kan mai, ya yi kuskure a kan dattijo. Mutumin da ya tsaya a bakin gadon ubansa a asibiti ba bare ba ne. Kuma in ya tafi Darfur, wa zai taso in motar ta tsaya miki a daji? Soja ya san darajar na gaba da shi, in kika faɗa masa a fili zai ji.

Ku je garejin tare, lokacin da ba jama'a. Ya ba da haƙuri ba tare da ya ƙara da “amma” ba. Ke kuma ki roƙi Malam Ladan su karanta lambar galan tare, duk abin da ta nuna a bi. In za a zuba, hannunsa ne zai zuba, kuma ki gaya masa ranar da ya ce a koma na da, za a koma. Abin da ya ɓata masa rai shi ne an ƙwace masa amana a gaban mutane. Ki mayar masa da ita, zai karɓa. Sannan ki bar su su duba sauran motar su biyu, ke ki koma gida. Maza da yawa sun fi iya shiryawa in kansu na cikin inji.

A ƙarshe, mota taki ce, kuma daga wasiƙarki na ga kin san ta fiye da su duka. Ki ji ta bakin kowa, ki yanke hukunci da kanki.

Allah ya kai Japhet lafiya, ya tsare shi da abokan aikinsa, ya dawo miki da shi da ƙafarsa. Ki gaida min Malam Ladan.

Kawu Talle